Yaushe Ake Tsayar da Gwaji? Iyakar Jinƙai ga Ɓerayen Binciken Ciwon Daji

A watan Afrilun 2025 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta sanar cewa za ta fara rage dogaro da gwajin dabbobi kafin a bar wasu sababbin magunguna su kai ga gwaji a jikin mutane. Tun ƙarshen 2022 ma majalisar dokokin ƙasar ta cire sharaɗin da ya wajabta gwada kowane sabon magani a kan dabba. Wannan ya sa mutane da dama suka ɗauka cewa zamanin ɓeran gwaji ya ƙare. Bai ƙare ba. Dokar ta ba da damar bin wasu hanyoyi ne, ba ta haramta amfani da dabba ba. A fagen ciwon daji kuwa, har yanzu ba a sami abin da zai nuna yadda ƙari ke yin jijiyoyin jini, ya yaudari garkuwar jiki, ya tsallaka zuwa huhu ko ƙashi, kamar yadda jiki mai rai ke nunawa.

Saboda haka muhawarar da ake yi a ɗakunan bincike a kullum ba ta "a yi ko a bari" ba ce kaɗai. Tambayar da ke gaban mai bincike da likitan dabbobi ita ce: ɓeran da aka sa wa ciwon daji da gangan, a wane mataki ne ya wajaba a tsayar da gwajin a kansa? A 2024 wasu masana na Turai suka fitar da sabon jagora mai suna OBSERVE a mujallar Nature Protocols don amsa wannan tambaya, suna bin sassan jiki ɗaya bayan ɗaya. Fitowarsa ta nuna cewa tsoffin ƙa'idoji, waɗanda suka fi karkata ga auna girman ƙari da santimita, ba su wadatar ba.

Abin da ake nufi da iyakar jinƙai

Kowane gwaji na dabba yana da iyaka biyu da ake rubutawa tun kafin a fara. Ta farko ita ce iyakar bincike, wato matakin da aka sami amsar tambayar da aka yi gwajin dominta. Idan tambayar ita ce ko magani na rage saurin girman ƙari, to ranar da bambanci ya bayyana a lissafi tsakanin rukunin da aka ba magani da rukunin kwatanci wanda ba a ba shi ba, aiki ya ƙare. Ta biyu ita ce iyakar jinƙai: alamar farko da ke nuna cewa dabba ta shiga, ko tana dab da shiga, wahalar da ta wuce abin da aka amince da shi. Da zarar ta bayyana, sai a ɗauki mataki ko da ba a sami amsa ba. Matakin na iya zama dakatar da magani, ko ba da maganin kashe raɗaɗi, ko cire dabbar daga gwaji. A binciken daji, galibi kashe ta ake yi ta hanya mafi sauƙi.

Gwajin da aka tsara da kyau shi ne wanda iyakar bincike ke zuwa kafin ta jinƙai. Idan kullum sai ɓeraye sun kai ga iyakar jinƙai kafin a sami bayanai, to matsalar a tsarin gwajin take.

Akwai kuskuren fahimta da ya yawaita har a tsakanin ɗalibai masu digiri na biyu: ɗaukar halin gargara a matsayin iyakar jinƙai. Ɓeran da ya kwanta ya kasa tashi, jikinsa ya yi sanyi, ba ya motsi in an taɓa shi, ya riga ya sha duk wahalar da ake son kare shi daga gare ta. Kashe shi a wannan hali ya rage masa wahalar sa'o'i kaɗan ne kawai. Manufar ita ce a gano alamar da ke zuwa kwana ɗaya ko biyu ko fiye kafin nan.

Yadda aka zo nan

Daga tsakiyar shekarun 1950 cibiyar binciken ciwon daji ta Amurka, NCI, ta riƙa tace dubban sinadarai ta hanyar sa wa ƙananan ɓeraye (mouse a Turance) dajin jini, nau'in L1210 da kuma P388 daga baya. Ma'aunin nasara a lokacin shi ne tsawon kwanakin da ɓera ya yi kafin ya mutu. Haka nan a gwajin guba, ma'aunin LD50 da aka ƙirƙiro a 1927 yana neman adadin sinadarin da zai kashe rabin dabbobin da aka ba. Wato mutuwa ita ce bayanin da ake jira.

A 1959 wasu masana biyu na Birtaniya, William Russell da Rex Burch, suka shimfiɗa ƙa'idoji uku da har yau su ne ginshiƙi: a musanya dabba da wata hanya in akwai, a rage yawan dabbobin da ake amfani da su, a kuma kyautata yadda ake yi don wahala ta ragu. Iyakar jinƙai reshe ce ta ƙa'ida ta uku. Maganarsu ta daɗe ba ta yi tasiri ba. Sai a 1986 Birtaniya ta kafa dokar da ke buƙatar lasisi uku kafin a taɓa dabba: na mutum, na aikin, da na wurin. A 1988 aka fitar da jagora na musamman kan dabbobin binciken daji a ƙasar, aka sabunta shi a 1998, sannan a 2010 wani kwamiti ƙarƙashin Farfesa Paul Workman ya fitar da wanda aka fi kafa hujja da shi a yau. A wannan shekara ta 2010 Tarayyar Turai ta zartar da dokarta mai lamba 63, wadda ta ce a guji sa mutuwa ta zama iyakar gwaji gwargwadon iko, ta kuma kasa gwaje-gwaje zuwa mataki huɗu na tsanani. Tsohon gwajin LD50 kuwa ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta ƙasa da ƙasa, OECD, ta soke shi daga jerinta a 2002.

Amurka hanyarta daban. Dokarta ta walwalar dabbobi ta 1966 ba ta shafi ɓerayen da aka haifa don bincike ba, kuma a 2002 majalisa ta rubuta wannan togaciya ƙarara cikin doka. Abin da ke kare su shi ne sharaɗin kuɗi: duk cibiyar da ke karɓar tallafin hukumar binciken lafiya ta ƙasar, NIH, dole ta kafa kwamitin kula da dabbobi wanda zai amince da kowane gwaji. Shi ya sa a Amurka iyakar kan bambanta daga jami'a zuwa jami'a.

Lissafin santimita

Gwajin da ya fi yawa shi ne na ƙari ƙarƙashin fata. Ana ɗaukar ƙwayoyin daji, galibi miliyan ɗaya zuwa biyar a cikin ruwa kusan mililita 0.1, a yi allurarsu a kuiɓin ƙaramin ɓera mai nauyin giram 20 zuwa 30. In ƙwayoyin na mutum ne, sai an yi amfani da ɓeran da garkuwarsa ba ta aiki, kamar nau'in nan marar gashi wanda aka fara dasa masa dajin mutum a Denmark a 1969. An zaɓi kuiɓi ne domin fatar wurin na miƙewa, kuma ƙarin ba ya hana tafiya ko cin abinci. Tafin ƙafa, jela, ido da cikin tsoka wurare ne masu zafi, kuma jagorori na neman hujja ta musamman kafin a dasa a can.

Idan ƙarin ya kai kusan milimita kubik 100 zuwa 200, sai a kasa ɓerayen rukuni-rukuni ta hanyar ƙuri'a, a fara magani. Ana auna tsawo da faɗi da ma'auni mai baki biyu sau biyu ko uku a mako. Lissafin da aka saba shi ne: a ninka faɗi da kansa, a ninka da tsawo, a raba biyu.

Jagoran Birtaniya na 2010 ya ce matsakaicin faɗin ƙari guda kada ya wuce santimita 1.2 a ƙaramin ɓera, ko 2.5 a babban ɓera (rat a Turance) irin su nau'in Wistar. In gwajin magani ne, an ɗaga zuwa 1.5 da 2.8. Jami'o'in Amurka da yawa kuwa na barin santimita 2 a ƙaramin ɓera, 4 a babba. A ido rabin santimita ba wani abu ba ne, amma lissafi ya nuna akasin haka. Ƙari mai faɗin santimita 1.2 ta kowane ɓangare yana da girman milimita kubik 864. Mai 1.5 ya kusa 1,700. Mai santimita 2 ya kai 4,000, wato kusan giram huɗu. A jikin ɓera mai giram 25 wannan kashi 16 ne cikin ɗari na nauyinsa, kwatankwacin mutum mai kilo 70 ya ɗauki ƙullutu na kilo 11 a haƙarƙarinsa. Tsohon jagoran 1998 ya tsaya ne a kashi 5 cikin ɗari na nauyin jiki, ko kashi 10 a gwajin magani. Wasu cibiyoyin na rubuta iyakar da girma, misali milimita kubik 2,000, don su toshe wannan giɓi.

Babbar illar waɗannan lambobi ita ce yadda ake karanta su. An rubuta su ne a matsayin matuƙar abin da za a jure, amma a aikace masu bincike da yawa na ɗaukarsu a matsayin inda ake so a kai. Alhali ƙarin da ya yi girma sosai ba ya ba da bayani mai kyau. Jini ba ya isa tsakiyarsa, sai ƙwayoyin wurin su mutu su ruɓe. Ma'auni na ci gaba da nuna girma, amma wani sashe na abin da ake aunawa mataccen nama ne da ruwa. Maganin ma ba ya ratsa wurin. Don haka a gwaje-gwaje da yawa bambancin da ake nema ya riga ya fito tun ƙarin na kusa da milimita kubik 1,000.

Sai gyambo. Wasu nau'o'in, kamar dajin nono na 4T1 da dajin fata na B16, suna fasa fata tun ba su kai iyakar girma ba. Abin da ke jawo haka sau da yawa shi ne allurar da ta shiga cikin fata maimakon ƙarƙashinta, ko ƙwayoyi da yawa fiye da kima. Ɓusasshen ɓawo ƙarami ana iya sa masa ido. Gyambo mai rami, mai zubar da ruwa ko jini, wanda bai bushe ba bayan sa'o'i 48, dalili ne na tsayar da gwaji ko ƙarin bai kai santimita ɗaya ba. A ɓeran da ba shi da garkuwa, buɗaɗɗen rauni ƙofa ce ta ƙwayoyin cuta kai tsaye.

Inda ma'auni ba ya kaiwa

Binciken zamani ya ƙara karkata ga dasa ƙari a ainihin sashen da ciwon ke fitowa a jikin mutum: dajin ƙwaƙwalwa a ƙwaƙwalwa, na hanta a hanta, na huhu a huhu. Akwai kuma ɓerayen da aka sauya wa ƙwayar gado don su fitar da ciwon da kansu. Waɗannan sun fi kama da cutar ɗan'adam, amma ba abin da za a kama da ma'auni. Ƙari mai faɗin milimita kaɗan a cikin ƙoƙon kai ya isa ya kashe. Wannan ne giɓin da jagoran 2024 ya zo ya cike.

Ɓera dabba ce da ake farauta, don haka ɗabi'arsa ce ya ɓoye rauni. Kuma da dare yake harkokinsa, alhali da rana ake duba shi. Wanda ya leƙa keji ya ga suna kwance a kusurwa bai ga komai ba. Dubawa ta gaskiya mataki uku ce: a kalle su daga nesa ba tare da an taɓa kejin ba, a buɗe a ga yadda kowanne ke motsi, sannan a ɗauke shi a hannu a lalube shi.

Nauyi shi ne ma'aunin da aka fi sani. Jagoran 2010 ya sa iyaka a raguwar kashi 20 cikin ɗari a kowane lokaci, ko kashi 15 da ya ɗore sa'o'i 72. Amma a ciwon daji sikeli na iya ruɗarwa. Ɓeran da ya rasa giram uku na tsoka, ya kuma tara giram uku na ƙari ko na ruwan ciki, nauyinsa bai canja ba alhali ya rame ƙwarai. A ɓera mai tasowa kuma, tsayawar nauyi wuri ɗaya ita kanta rama ce, shi ya sa ake kwatanta shi da sa'o'insa masu lafiya. Don magance wannan ne ake amfani da makin yanayin jiki na ɗaya zuwa biyar da aka wallafa a 1999. Ana shafa yatsa a kan ƙashin baya da ƙugu. A maki uku ƙasusuwan sai an ɗan danna ake jin su. A maki biyu gaɓoɓin ƙashin baya sun fito ɗaya-ɗaya, ƙugu ya bayyana. A maki ɗaya nama ya ƙare. Yawancin ƙa'idoji na tsayar da gwaji in an sauka ƙasa da biyu, ko a biyu in akwai wata alama tare da shi. Duban bai kai minti ɗaya ba, kuma ba ya buƙatar wata na'ura.

A 2010 masu bincike a Jami'ar McGill ta Kanada suka nuna cewa zafi na bayyana a fuskar ɓera ta wurare biyar: runtse ido, kumburin hanci, kumburin kumatu, ja da kunnuwa baya, da sauyin tsayuwar gashin baki. Wannan ma'auni ya fi aiki ga zafi mai zuwa farat ɗaya, kamar bayan tiyata. A ciwon da ke tafiya a hankali na makonni ba ya isa shi kaɗai. A nan ɗabi'a ta fi faɗin gaskiya. Lafiyayyen ɓera in an ba shi auduga ko yankakkiyar takarda yakan gina sheƙa a dare guda. Wanda ya daina gini, ya daina gyara gashinsa, ya ware daga 'yan'uwansa ya ƙudundune, akwai abin da ke damunsa. Fatar wuya in an ja ta ta ƙi komawa nan take, ruwan jiki ya yi ƙasa. Sanyin jiki kuwa alama ce ta kusa da ƙarshe.

Kowane sashe da alamarsa. A dajin ƙwaƙwalwa ana duba karkata kai, zagaye wuri ɗaya, tangaɗi, farfaɗiya, ko kai ya yi tudu. A huhu, numfashi da ciki, da fari ko shuɗi a kunne da tafin ƙafa. Numfashi da ƙyar ba a jira masa gobe. A ƙashi, ɗingishi da ƙin taka ƙafa, saboda ƙashin na iya karyewa. A dajin jini, rauni ko shanyewar ƙafafun baya da fari fat na rashin jini. A dajin cikin ciki, kumburin tumbi, inda jagoran 2010 ya iyakance ruwan da kashi 10 cikin ɗari na nauyin jiki. A mafitsara da hanji, toshewar fitsari ko bayan gida.

Cibiyoyin da ke da hali na sa wa ƙwayoyin daji sinadarin da ke sa ƙwaron nan mai walƙiya da dare haske, sai a riƙa ɗaukar hoton ɓeran da kyamara ta musamman ana ganin yadda ciwon ke yaɗuwa. Wannan na ba da damar bin dabba ɗaya tun farko har ƙarshe, a kuma tsaya tun alamu ba su fito ba. Sai dai kowane hoto na buƙatar sa barci, wanda shi ma nauyi ne a kan dabba marar lafiya, kuma hasken na raguwa a ƙarin da tsakiyarsa ta mutu, har a zaci ya ƙanƙance.

Abin da ke lalacewa a aikace

Yawancin keta iyaka ba daga mugunta yake zuwa ba, daga jadawali ne. Ƙarin da ke ninka girmansa cikin kwana uku, in ya kai milimita kubik 1,000 ranar Juma'a, zai kai 2,000 ranar Litinin. Maganin wannan shi ne a yanke hukunci bisa inda ƙarin zai kai kafin dubawa ta gaba, ba inda yake yau ba, kuma a riƙa dubawa kullum, har sau biyu a rana in an kusa iyaka, ba hutun mako ba ranar biki. Abu na biyu shi ne iko. In ma'aikacin ɗakin dabbobi ya ga ɓera a mawuyacin hali amma dole ya jira shugaban bincike da ke wata ƙasa, an yi asarar sa'o'i. Ƙa'ida mai kyau na rubuta sunan wanda ke da ikon yanke hukunci nan take. Na uku, hannu ya bambanta: mutum biyu na iya auna ƙari ɗaya su sami bambancin milimita ɗaya ko biyu, don haka mutum ɗaya ya kamata ya riƙe aunawa. In kuma nau'in ƙwayoyin sabo ne a wurin, ɗan gwajin share fage da ɓeraye kaɗan shi ke nuna saurin girmansa da alamar da ke fara fitowa.

Misalin da aka fi ambata shi ne na wata takarda da mujallar Nature ta buga a 2011 kan sinadarin piperlongumine. A 2015 aka fitar da gyara bayan an tabbatar cewa ƙarin wasu ɓerayen ya wuce santimita 1.5 da kwamitin cibiyar ya amince da shi. An cire waɗannan bayanai, mujallar ta ce bai kamata ta buga su ba, ta kuma fara neman marubuta su bayyana iyakar girman da aka ba su izini, su tabbatar ba su wuce ba. A 2018 aka janye takardar gaba ɗaya saboda wasu matsaloli na daban a hotunanta. Tun daga nan editoci da masu bita suka ƙara sa ido kan hotunan ƙari da jadawalin girma, kuma jagoran rubuta rahoton gwajin dabbobi mai suna ARRIVE da aka sabunta a 2020 na neman a rubuta iyakar jinƙai da yawan dubawa a cikin rahoto.

Inda masana suka saɓa

Saɓani na farko kan tsawon rai ne. Masu gwada magani na cewa abin da likita da majiyyaci ke so su sani shi ne ko magani na ƙara kwana, kuma in an kashe ɓera da wuri ba za a ga ƙarin da ya ja baya daga baya ba, musamman a magungunan garkuwar jiki inda ƙari kan kumbura kafin ya sauka. Wannan hujja ce mai nauyi. Ɗaya ɓangaren na amsa cewa ana iya auna kwanakin da aka ɗauka kafin a kai iyakar da aka ayyana, lissafin kuma iri ɗaya ne. Suna ƙarawa da cewa ɓeran da ya mutu cikin dare bayanansa sun lalace: nama na fara ruɓewa cikin sa'o'i, abokan kejinsa na iya cinsa, kuma ba a san ko daji ne ya kashe shi ko ƙishirwa ba saboda ya kasa kai wa ga ruwa. Hujjar ɓangare na biyu ta fi ƙarfi a mafi yawan gwaje-gwaje, amma da sharaɗi: wanda ke yanke hukuncin cire dabba kada ya san rukunin da take ciki. In ya sani, zai iya jinkirta wa rukunin magani kwana biyu ba da niyya ba, sakamakon ya karkace.

Na biyu kan maganin kashe raɗaɗi ne. Wasu na guje masa don magunguna irin su meloxicam na taɓa hanyoyin kumburi da ƙari ke amfani da su, dangin buprenorphine kuma na iya shafar garkuwa. Wasu na cewa zafi da fargaba su ma suna sauya ciwon. Wani bincike na 2006 ya nuna matsin rai mai ɗorewa na hanzarta dajin ƙwan mace a ɓera, wani na 2013 kuma ya nuna ƙari na saurin girma a ɓerayen da aka ajiye a ɗaki mai sanyin da aka saba fiye da waɗanda ke kusa da digiri 30. Matsayar da kwamitoci da yawa suka ɗauka ita ce a ba da maganin ga dukan rukunoni daidai, sai in mai bincike ya kawo shaida cewa zai ɓata wannan gwaji takamaimai.

Na uku ya fi zurfi. Ƙungiyoyin da ke adawa da gwajin dabba baki ɗaya na ganin kalmar jinƙai ba ta dace da dabbar da aka sa wa cuta da gangan ba, suna kuma nuni da cewa ƙasa da ɗaya cikin goma na magungunan daji da ke shiga gwajin mutane ne ke samun amincewa. Masu bincike na amsa cewa magungunan da ake ba marasa lafiya a yau kusan duka ta wannan hanya suka biyo, kuma ƙananan gaɓoɓin da ake rainowa a kwano ba su kai ga maye gurbin jiki guda ba tukuna. Ɓangarorin biyu sun haɗu a abu ɗaya: gwajin da aka tsara da sakaci asarar dabba ce ba tare da amfanin kowa ba.

Yadda ake ƙarewa

Hanyoyin kisa da aka amince da su kaɗan ne, irin su iskar CO2, allurar barci fiye da kima kamar pentobarbital, ko raba gaɓar wuya a hannun wanda ya ƙware. Jagoran ƙungiyar likitocin dabbobi ta Amurka na 2020 ya ce a shigar da iskar a hankali, kashi 30 zuwa 70 cikin ɗari na girman akwatin a minti ɗaya. Akwati mai lita 10 ke nan na buƙatar lita 3 zuwa 7 a minti. Jefa dabba cikin akwatin da aka riga aka cika da iskar na ƙona hanci da ido kafin ta suma. Ko a yadda aka tsara ma, masana na ci gaba da muhawara kan fargabar da iskar ke jawowa. Jariran ɓera na jure ta na tsawon lokaci, don haka ana bin wata hanya a kansu. A kowane hali sai an tabbatar da mutuwa ta hanya ta biyu kafin a fara fiɗa. Kulorofom ba ya cikin abin da aka yarda da shi, saboda yana da illa ga dabba da mai aikin.

Abin da ya shafi mai karatu

Ga majiyyaci, alaƙar ta bi ta ingancin sakamako. Maganin da ya yi kyau a gwajin da ɓerayensa suka galabaita, ko aka auna ruɓaɓɓen ƙari, na iya kaiwa ga gwajin mutane ya faɗi bayan an kashe shekaru da kuɗi, kuma marasa lafiya sun sa jikinsu a ciki.

Ga jami'o'inmu alaƙar ta fi kusa. Ana gwada tsirran gargajiya a kan manyan ɓeraye da aka jawo wa dajin nono da sinadarin DMBA, tsarin da masanin ciwon daji Charles Huggins ya kafa a farkon shekarun 1960. A wannan tsari ƙari kan fito fiye da ɗaya a jikin dabba guda, don haka jimillar girmansu ake lissafawa, ba mafi girma kaɗai ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Ibadan na da kwamitocin da ke duba amfani da dabbobi a bincike, kuma mujallun ƙasashen waje na neman lambar amincewar irin wannan kwamiti. Ɗalibin da ya rubuta cewa ya kashe dabbobinsa da kulorofom, ko bai ambaci iyakar da ya bi ba, na iya ganin an mayar masa da aikin shekara biyu ba tare da an duba sakamakon ba. Yanayin wurin ma na shiga lissafi: ɗakin dabbobi da wuta ke ɗaukewa a zafin bazara na sa ɓeraye rage ci, nauyi ya faɗi, a kasa bambance aikin ciwo da na zafi, sai in ana rubuta zafin ɗakin kullum.

Wani zai ce ai ɓera ne, wanda ake ɗana wa tarko a rumbu. Hadisin da Muslim ya ruwaito, wanda ya yi umarni da kyautatawa ko a wajen kisa da yanka, bai keɓe dabbar da ake ƙauna ba, kuma halaccin kashe abu bai zama izinin barinsa cikin azaba ba. Kayan aikin da ake buƙata don cika mafi yawan waɗannan ƙa'idoji ba su da tsada: sikeli mai auna giram, ma'aunin ƙari, takardar maki da aka rubuta iyaka a kanta kafin allurar farko, da jadawalin da ya nuna wanda zai shigo ranar Asabar da Lahadi.